Gudan Jinin Matar Tsohuwar Marina

Ni ba mai yawan magana ba ce. Tun da aka kawo ni gidan su mijina Lawwali, shi kuma ya koma Legas wajen aikinsa, na fi zama a bakin ƙofar ɗakina ina kallon mutanen gida suna harkokinsu. Karatuna bai yi nisa ba, amma abin da na ji da kunnena ba ya ɓace mini. Shi ya sa na ce bari in rubuta wannan.

Yaya Hansatu ce ta ba mu labarin. Ɗiyar baffan mijina ce, ma'aikaciyar lafiya, ta zo mana hutu. Babanta wanzami ne, ya daɗe da rasuwa. Ran nan an ɗauke wuta, mun idar da sallar isha'i, mata suka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Kuluwa, ƙanwar Lawwali, tana yanke farce da reza a hasken fitila, sai ta yanki yatsa. Ta yi ƙara, ta danne wurin. Jim kaɗan jinin ya tsaya.

"Raguwa," in ji Yaya Hansatu. "Ki gode wa Allah da ya daskare. Ki ƙara gode masa da zai narke."

"Kai Yaya, ke komai sai kin mai da shi asibiti."

"Wannan ba na asibiti ba ne. Ba kuma tatsuniya ba ce, kada wadda ta yi mini amshi. Ku matso."

Na jawo kujerata kusa kaɗan. Ba wadda ta lura. Ga abin da ta ce, yadda na riƙe shi.

*

Farkon fara aikina aka tura ni wani ƙauye, Gangaren Marke. Asibitin ɗaki biyu ne, ɗaya na aiki, ɗaya na kwanana. An gina shi can bayan gari. Tsakaninsa da gidajen mutane akwai tsohuwar marina, ramukan rini da aka daina amfani da su tun zamanin kakanni. Ciyawa ta rufe bakinsu. Hanya ɗaya ce, kuma ta tsakiyarsu take bi.

Damina ce. Kowa na gona. Sai in wuni ban ga mutum ba. Matan garin ba su ƙi ni ba, ba su kuma jawo ni a jiki ba. In na shiga sayen gishiri a ce sannu malama, shi ke nan. Waya ba ta kamawa. Har na fara yi wa kwalaben magani magana, don in tabbatar muryata na nan.

Wata rana da la'asar sakaliya ina dawowa daga gari, an gama yayyafi. Sai na ga mace zaune a bakin ɗaya daga cikin ramukan. Dattijuwa. Zanenta baƙi wuluk, irin rinin da. Ta miƙe ƙafar hagu a gabanta.

Ta ce, "Sannu 'yar wanzami."

Na tsaya. Babu wanda ya san sana'ar babana a garin nan.

Na ce, "Ina wuni, Goggo."

"Lafiya lau. Ya zaman kaɗaici?"

Tun da na zo ba wanda ya yi mini wannan tambaya. Sai na ji idona ya ciko.

Muryarta a hankali take. Amma ba daga bakinta take fitowa sosai ba. Kamar daga ƙasa, kamar mai magana cikin tulu. Na ce a raina tsufa ne.

Na duba ƙafar. Ta kumbura tun daga gwiwa har idon sawu, ta yi tauri kamar itace. Na san irin wannan. Jini ne ya daskare a cikin jijiya ya toshe hanya. Amma ƙafar da ta yi haka zafi take yi. Tata sanyi ƙalau, kamar randa.

Na ce, "Goggo, wannan sai babban asibiti."

"Ba na zuwa can. Ƙahon babanki yana cikin akwatinki. Shi nake so."

Gaskiya ne. Na taho da su, ƙananan ƙahoni da askarsa, don kawai in riƙa ganinsu ina tuna shi. Ya koya mini tun ina yarinya, ni nake yi wa matan kulle ƙaho. Na san ƙaho ba ya kai wa ga jinin da ya daskare can ciki. Na sani sarai. Amma mace ce ta ce in zauna da ita. Na ce ta biyo ni.

Ina gaba tana baya. Na waiga sau ɗaya. Ƙasa a jiƙe take, sawuna biyu sun fito. Nata guda ɗaya ne. Na ƙafar ciwon. Ya nutse kamar an dasa turmi. Ɗaya ƙafar tana taka laka, ba ta barin komai.

*

"La'ilaha!" in ji Kuluwa. "Ba ki ruga ba?"

"In ruga ina? Gabana asibiti, babu kowa. Bayana ita."

"Wallahi ni da na suma."

"Ke ai reza ma ta ishe ki. Yi mini shiru."

*

Ba ta shiga ɗaki ba. A baranda ta zauna. Na wanke wurin, na ɗora ƙaho a sha-raɓarta, na sa baki a tsininsa na zuƙe iska, na toshe da kakin zuma. Da wurin ya tasa na cire, na tsattsaga da aska, na mayar, na sake zuƙa.

Baba ya sha gaya mini, mai ciwo a baki ba ya zuƙar ƙaho. Ranar ina da ɗan rauni a cikin leɓe, na cije shi wajen cin gyaɗa. Na ɗauka don ƙwayar cuta yake faɗa. Na kuskure baki da ruwan gishiri na ce ya isa.

Da na zuƙa na biyun, sai na ji ƙahon ya ja ni. Kaɗan. Kamar jariri ya kama yatsa. Leɓen ya yi ɗumi, sannan ya yi sanyi.

Na jira. Na cire ƙahon na kifar a kwano. Ku da kuka ga ana ƙaho kun san abin da ke fita, gudan jini mai laushi yana rawa kamar hanta. Nata ya faɗo ƙwal. Kamar tsakuwa. Baƙi, mai ɗan shuɗi.

Ta sauke numfashi. Ta ce, "Rabona da jin sauƙi haka, tun ana rini a nan."

Na shiga wanke ƙahon.

"Gobe ma in zo?"

Na ce, "Ki zo."

Haka muka fara. Kullum rana ta yi sanyi sai in hango ta tana jan ƙafa. In dafa shayi, ta riƙe kofin ba ta sha, ta ce ɗumin take so. In yi mata ƙaho. Mu yi hira har a kira magariba a gari, sai ta tashi. Ta ba ni labarin marina, yadda maza ke waƙa suna motsa ruwan baba a ramin rini, yadda hannuwansu ba sa rabuwa da shuɗi har a kai su kabari. Ni kuma in ba ta labarin Baba. Tana saurare. Ba ta katse mutum.

Wata rana na yi ƙarfin hali na ce, "Goggo, ina mutanenku?"

"Sun tashi da aka daina rini. Sun yi arewa."

"Suka bar ki?"

"Ƙafa ta hana. Wani marini ne ya jefa dutse a rami bai yi bisimilla ba. Ni ya samu. Bai sani ba, ban riƙe shi ba." Ta shafa gwiwar. "Mu abin da ya ƙulle mana ya ƙulle ke nan. Ku fa? Ina ganin yaranku suna faɗuwa, wuri ya yi baƙi, an jima babu. Ina naku yake zuwa?"

Sai na gaya mata abin da aka koya mana a makaranta. Na ce idan mutum ya ji rauni, jininsa yakan saƙa wani siririn zare kamar yanar gizo-gizo. Zaren ya kama ƙwayoyin jini, ya zama guda, ya toshe wurin. Amma in gudan ya zauna har abada, hanyar jini ta rufe ke nan. Don haka Allah ya sa hanta tana yin wani sinadari tana zuba shi a jini. Yana yawo yana barci, ba ya taɓa komai. In ya tarar da zaren nan sai ya manne masa. Bangon jijiya kuma ya saki abin da zai tashe shi. Da ya farka sai ya bi zaren yana datsewa kamar almakashi, har gudan ya narke, jini ya wuce. A littafi filasmin ake ce masa. Mu a aji mai warwara muke cewa.

Ta ce, "In ya gama, ba ya ci gaba da yanka?"

Na ce, "Akwai mai tsaronsa. Da ya saki zaren ya shiga yawo a farke, nan take wani ya cafke shi. In ba haka ba ai jini ba zai tsaya wa kowa ba."

"Kuma hanta tana sake yin wani?"

"Kullum."

Ta daɗe tana kallon kofin. Ta ce, "An gatanta ku."

Tsakuwoyin nata ban binne su ba kamar yadda ake binne jinin ƙaho. Na tara a kwalba. Jinin mutum in ka ajiye shi yakan tsuke, ya fitar da ruwa, a hankali ya saki. Nata ko gezau. Ran nan na soki yatsana na ɗiga jinina a kan ɗaya. Ina kallo. Wurin da ɗigon ya taɓa ya yi laushi, ya fara zubewa.

Na zauna a ƙasa. Yanzu na gane abin da ƙahon yake ja a bakina: mai warwara ne na cikin jinina.

Na ce ai hanta za ta mayar. Haka na gaya wa kaina. Da yamma ta zo, na dafa shayi.

Ƙafarta ta soma saɓewa. Sawun da take bari a laka ya rage zurfi. Har ta fara dariya. Ni kuma sai na tashi wata safiya na ji sha-raɓata ta hagu ta ɗaure. Na ce kwanciya ce. Washegari ta yi zafi. Takalmina ya ƙi shiga. Na ɗebi jinina a kwalbar gwaji na ajiye a taga. Ya daskare tun kafin in wanke hannu. Kwanaki suka wuce yana nan tsaye, baƙi, bai saki ba.

Tana ja fiye da yadda hantata ke yi.

Ku sani, gudan jini a ƙafa ba ƙafar kaɗai yake nema ba. In ya ɓalle, jini ya ɗauke shi, huhu yake nufa. Mutum yana zaune yana magana sai numfashi ya yanke. Na ga an kawo irinsu lokacin da muke koyon aiki. Ban ga an mayar da su da ƙafarsu ba.

*

Nan wata daga cikin matan gidan ta ce, "To me ya hana ki hau mota ki gudu?"

Yaya Hansatu ta juya ta dube ta. "Motar gari ranar kasuwa kaɗai take zuwa. Ta zo ta tafi ina kallonta."

"Don me?"

"Ke ba ki taɓa wuni ki kwana ba wanda ya kira sunanki ba. In na tafi, wa zai dafa mata shayi? In ta daina zuwa, wa zan jira da yamma?"

Ni na sunkuyar da kai.

*

Daren kasuwa, wato jajiberinta, ta zo da wuri. Tafiyarta ta miƙe sosai. Na leƙa hanya. Sawunta da ƙyar ake ganinsa. Nawa ne, na zuwa ɗiban ruwa da safe, ya nutse a gefe ɗaya.

Ina zaune a baranda, ƙafata a kan kujera. Numfashina yana yi mini wuya in na yi motsi.

Ta ce, "Yau babu shayi?"

"Ban iya tsayuwa ba, Goggo."

Ta zauna. Ta nuna bayan gwiwarta. "Saura ɗaya. Babban. In ya fita zan cim ma mutanena."

"Ni kuma fa?"

Ba ta dube ni ba.

Na ce, "Kin sani?"

"Tun ƙahon farko."

"Ba ki faɗa ba."

"Da kin rufe mini ƙofa."

Na ce, "Ni ma na sani."

Sai ta ɗago. Ranar na fara ganin idonta sosai. Babu fari a ciki. Shuɗi ne har ƙarshe, kamar ka leƙa ramin rini. Ban ji tsoro ba. Abin da ya fi ba ni tsoro yanzu ke nan, in na tuna.

Ta ce, "In kin cire shi, ki biyo ni. Can ba a barin kowa ya ci abinci shi kaɗai."

Na ce, "Ai ke sun bar ki."

Duk da haka na jawo ƙahon. Wallahi na jawo shi. Na tsaga bayan gwiwarta. Na ɗora shi. Na sunkuya zan sa baki.

Sai tafin hannunta ya rufe tsinin.

"Bari."

"Goggo, saura ɗaya."

"Ina jin abin da ya rage a jikinki. Bai kai cikin cokali ba. In na sha wannan, ba za ki ga asuba ba." Ta zare ƙahon da kanta ta ajiye. "Kin ce hanta tana sake yi."

"Tana yi."

"To a bar ta ta yi."

"Ke fa? Da wannan ba za ki yi nisa ba."

"Zan yi ta ja. Ba ni da abin da ya fi lokaci yawa."

Ta durƙusa a gabana. Ta kama sha-raɓata da hannu ɗaya ta riƙe gam. Sanyi ya ratsa ni har ƙashi. Na yi ƙara.

Ta ce, "Warwara ban iya ba. Ƙullewa na iya. Na ɗaure gudan ƙafarki a inda yake. Ba zai motsa ba sai kin kai wurin masu magani. Gobe ki hau motar. Kada ki ce sai wata kasuwar."

Ta miƙe. Ta gyara zane. Ta kai bakin hanya sannan ta tsaya, ba ta juyo ba.

"'Yar wanzami."

"Na'am."

"Kada ki sake bi ta marina ke kaɗai. Ba ni kaɗai aka bari a ramukan nan ba. Sun ji ina samun sauƙi. Su kuma ba su zauna sun yi hira da ke ba."

Ta yi arewa, tana ɗingishi. Na bi ta da ido har gero ya rufe ta. Aka kira magariba. Na ja jiki na shiga ɗaki na sa sakata. Duk daren ina jin motsi a bakin ramuka, kamar ana jan abu mai nauyi a ciyawa. Ban leƙa ba.

Da safe na jira sai da na ji muryar mata masu tafiya kasuwa, na ƙwala musu kira. Su suka tallabe ni, muka ratsa marina a tare. Ɗaya tana ta faɗa, wai me ya sa ban aika an gaya musu ba, ai da sun zo.

A babban asibiti suka haska ƙafar. Likita ya ce gudan ya kai wurin da ya kamata a ce ya ɓalle, bai san abin da ya riƙe shi ba. Suka yi mini allurai, suka kwantar da ni. A hankali ya narke. Na nemi canjin wurin aiki, aka ba ni. Ƙahonin Baba na bar su a barandar nan. Ban koma ɗauka ba.

*

Nan Yaya Hansatu ta kai ƙarshen labarin. Kuluwa ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Yaya, ki rantse ba tsara shi kika yi ba."

Ba ta rantse ba. Ta jawo fitila, ta ɗage zanenta zuwa gwiwa. A sha-raɓarta ta hagu akwai sawun hannu. Yatsu dogaye, sun zagaye ƙafar. Shuɗi, kamar an tsoma hannun a baba an kama ta yanzu.

"Babu sabulun da ban sa ba," in ji ta. "Taɓa ki ji."

Kuluwa ta ƙi. Ban san yadda aka yi ba, sai na ga hannuna ya miƙa. Na taɓa. Fatar gefe da ɗumi. Wurin shuɗin sanyi ƙalau.

Na ji bakina ya ce, "Ta cim musu kuwa?"

Duk suka juyo, don ba su saba jin muryata ba. Yaya Hansatu ta daɗe tana dubana.

"Ban sani ba, amarya. Kullum sai na tambayi kaina." Ta sauke zanen. "Ku dai ku ji. In hanya ta bi da ku ta tsohuwar marina, a kowane gari ne, ku nemi abokin tafiya. Ko da rana tsaka. In kun ga mai zaune a bakin rami ta gaishe ku da abin da ba wanda ya sani, ku amsa sallama ku wuce. Kada ku tsaya duba ƙafarta."

Aka fara naɗe tabarmi. Kowa ta ja 'ya'yanta ta shige da sauri. Ɗakin da aka sauki Yaya Hansatu yana can ƙarshen gida, bayan rumbuna. Ta ɗauki fitila, ta yi taku kaɗan, ta tsaya.

"Amarya, tashi ki raka ni."

Na tashi. Muka tafi kafaɗa da kafaɗa. A bakin ƙofa ta ce mini sai da safe, ta shiga da fitilar, na ji ta sa sakata.

Sai da na juyo na ga tsakar gida ba kowa, na tuna ni babu mai raka ni.